A BA MATA SU ƊAUKI SILIMA DA HANNUNSU

Jama'ar Tenhiya, da ta Tanut, da ta Balbeji, maza da mata, ku kasa kunne. Yau muna da magana mai zafi.

Sau nawa baƙi suka zo bakin rijiyarku da mota? Su fito da na'ura, su ɗauki hoton mace tana jan guga, su ɗauki ta bayan jaki da jarkoki, su tafi. Wa ya taɓa dawowa ya nuna muku hoton? Sun ɗauki fuskarta, amma ba su tambaye ta abin da ke ranta ba. To, wannan ya isa haka nan. Lokaci ya yi da matan Damargu za su koyi ɗaukar silima da hannunsu.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce silima ba aikin mace ba ne, wadda ta shiga ta lalace. Wannan tsohuwar magana ce, kuma ta riga ta cuci mutum. Ku ji labarin Zalika Sule. Ta fito a silimar Mustafa Alasan a 1966. Ta sake fitowa a "Wazzu" ta Umaru Ganda, silimar da ta ciyo wa Nijar babbar kyauta a Wagadugu a 1972. Sunan ƙasa ya ɗaukaka. Ita fa? Zagi ta sha a Yamai. Don ta yi wasan muguwar mace, sai mutane suka ɗauka halinta ke nan. Wata 'yar Nijar, Rahmatu Keita, ita ta ɗauki na'ura ta ba ta dama ta faɗi labarinta da bakinta, a silimar da ta fito a 2004. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zalika ta rasu a 2021.

Waɗansu za su ce abin na mutanen birni ne. Ku dubi A'isha Maki. 'Yar Damagaram ce, ta jiharmu. A 2016 ta fito da silima a kan matar da ba ta haihu ba. Ciwon da ke damunta ne ita kanta. Ta zauna da mata 'yan'uwanta, suka faɗi gorin da suke sha wajen dangin miji da kishiyoyi. Wane namiji ne za su buɗe wa cikinsu haka? Ta kuma shiga unguwar Kara-Kara, wadda mutane ke ƙyama, a 2021 ta nuna wa duniya zaman da ake yi can.

Amma A'isha ta yi lakkol mai zurfi, ta koyi aikin a Yamai da Senegal. Matar rugga da matar ƙauye ina za su koya? Nan kukanmu yake. Kuma aikin ya yi sauƙi yanzu. Wayar hannu tana ɗaukar hoto mai motsi da murya, hasken rana yana cika mata wuta. Wadda ta koyi baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci, danna waya ba zai gagare ta ba.

Ga abin da muke nema wajen magadan gari, da sarakuna, da malaman aji:

1. A buɗe koyon ɗaukar silima a ajin mata, bayan kaka.
2. A koyar da Hausa, da Buzanci, da Fulatanci.
3. Kada a tambayi takardar lakkol, kada a karɓi ko dala.
4. Wayar aji ta kwana wajen shugabar mata. Kada wani ya sa ta aljihu.
5. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.
6. A fara nuna silimar a garin da aka ɗauke ta.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. In aka buɗe ajin, kada a cika shi da matan manya kaɗai. A sa bazawara. A sa wadda ba ta haihu ba, da wadda ake yi wa gorin asali. A sa wadda ba ta yi aure ba, da wadda zamanta bai yi kama da na kowa ba har ana nuna ta da baki. Su aka fi yi da su a gindin turmi, su ne kuma ba a taɓa ji daga bakinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kai mai gida, matarka tana shan rana zuwa rijiya, ba ka ce ta lalace ba. Don me za ka hana ta zuwa aji? Ke kuma 'yar'uwa da kika karanta wannan, ki karanta wa maƙwabciyarki. Ranar taron mata, ku tayar da maganar.