Citta da Ƙurar Azurfa

Falken da ke sayen busasshiyar citta a Kafanchan ido da hanci ne ma'auninsa. Turawa kuwa ragowar maganin ƙwari suke nema, irin wanda ya sa suka hana shigar waken Nijeriya a 2015.

A 1974 masanan Jami'ar Southampton ta Ingila suka wallafa cewa azurfa mai kaushi tana ƙarfafa hasken da sinadari ke mayarwa. Yanzu akan jiƙa kaya, a ɗiga ruwan bisa ƙurar azurfa ko zinariya, a haska da lesa. Kowane sinadari da tambarinsa cikin hasken. Har na'urar hannu akwai.

Gara a yi awon a Kafanchan, kafin a biya kuɗin jirgi.