Madubin da ke Ƙirga Ƙofofin Ƙwayar Jiki

Duk direban da ya saba tafiyar dare tsakanin Ikko da Ilori ya san cewa mota in tana tafe daga nesa, fitilunta biyu kamar ɗaya suke, sai ta matso sannan ido ya raba su. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu aiki da madubin likita. Tun 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna da lissafi cewa madubin da ke aiki da haske ba zai iya raba abu biyu ba muddin tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba, komai kyawun gilashinsa.

To, a bayan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai waɗansu 'yan ƙofofi, ta nan saƙo ke isa gare ta, a nan magani ke kamawa, ta nan kuma cuta kan sami hanyar shiga. Ƙofofin nan sun fi iyakar Abbe ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka fiye da shekara ɗari ba a ganinsu sai a dunƙule, kamar hazo.

Dabarar da ta warware wannan ba ta da wuyar fahimta. Sai a liƙa wa kowace ƙofa wani rini mai walƙiya, a sa kaɗan su haskaka, sauran suna a mace, a ɗauki hoto, a auna tsakiyar kowane ɗigo, sannan waɗansu su kama. Haka za a yi ta yi har hoto dubbai, kana kwamfuta ta harhaɗa su. Da wannan hanya ana raba abubuwan da tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ba. Eric Betzig na Amurka ya nuna ta a 2006, kuma abin mamaki, a falon gidan abokinsa Harald Hess suka haɗa na'urar farko. A 2014 aka ba shi kyautar Nobel tare da William Moerner da kuma Stefan Hell, wanda ya bi tasa hanyar daban a Jamus.

Wani zai ce, ina amfanin ƙirga ƙofa ga mara lafiya? Amsar tana birnin Wurzburg na Jamus. Akwai wani magani na sankara da ake ɗebo sojojin jinin mara lafiya, a horar da su su farauci duk ƙwayar da ke ɗauke da ƙofar da ake kira CD19. Gwajin da asibitoci suka saba yi yakan ce ƙwayoyin sankarar ɓargo ba su da wannan ƙofa, watau maganin ba nasu ba ne. Da masu bincike suka duba da sabon madubin, sai suka same ta a jikin mutum 10 daga cikin 14, wata ƙwayar tana da 5,000, wata 13 kacal. Rahoton da suka buga a 2019 ya nuna ko ƙofofin ba su kai 100 ba, sojojin suna iya kashe ƙwayar. Ashe "babu" ɗin da tsohon gwaji ke faɗi, ma'anarsa bai gani ba ne kawai.

Inda abin ya fi shafar Nijeriya shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin kimanin ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a ƙasar nan suke. Ƙwayar cutar ba ta shiga jan jini sai ta kama ƙofa. A 2011 masana a Ingila, da wata dabara daban, suka gano ƙofar da ba ta iya yi sai da ita, mai suna basigin. A shekarar nan dai waɗansu a Melbourne ta Ostareliya suka yi amfani da wani nau'in sabon madubin suka ga yadda take yin zobe ta kutsa ciki daki-daki. A 2024 aka buga sakamakon gwajin wata allurar rigakafi da ke hana ta kama basigin, wanda aka yi kan yara a Nanoro ta Burkina Faso.

Ba wanda zai ce a saya wa kowane asibiti wannan na'ura. Tana da tsadar gaske, tana bukatar lantarki mara yankewa da ɗaki mara girgiza, alhali kuwa akwai ɗakunan shan magani a karkara da ko madubin gwajin jini na yau da kullum ba su da shi, kuma lalle su ya kamata a fara yi wa. Amma wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiya guda wadda jami'o'in Arewa da na Kudu za su yi tarayya a cikinta, a ware mata kuɗin gyara da na rini kowace shekara, a kuma tura matasa su koyo aikin tun kafin akwatin na'urar ya sauka a Apapa.