Ba ƙwaya ta yi faifan Beatles ba

Kwanan baya a fada, ana jiran shayi na biyu, wani ɗalibin lise ya kunna mini waƙar Beatles a wayarsa, daga faifansu Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1967. Ya ce: "Mushe, ka ji aikin ƙwaya? Ba don ita ba, da ba su yi wannan ba." Abin haushin, maganar nan ita nake ji a bakin iyaye, sai dai su da zagi suke faɗinta. Yaro na yabo, uba na tsinewa, amma ƙarya guda suke maimaitawa, wai maye ke haifar da fasaha. Yaron da ya yarda da haka, gobe tramol zai saya.

Ban ce samarin nan huɗu na Libaful waliyyai ba ne. Sun sha wiwi, sun sha LSD, Paul McCartney da bakinsa ya amsa a watan Yunin 1967. BBC ma ta hana sa A Day in the Life bisa zargin tana tallar maye. Duk an ji.

To, a dubi yadda aka yi aikin. A watan Agustan 1966 suka bar yawon wasa, suka shige situdiyon Abbey Road a Landan daga Nuwamba har Afrilu, da na'urar ɗaukar sauti mai layi 4 kacal. Wayar yaron nan ta fi ta nesa ba kusa ba. A ɗauka, a goge, a sake, wata da watanni. George Martin, wanda ya karanci kiɗa a makaranta, shi ya ja ragamar aikin, kuma don A Day in the Life kaɗai sai da aka tara makaɗa 40.

Waƙoƙin fa, daga ina suka fito? Lucy in the Sky with Diamonds, wadda ake cewa sunanta LSD ne a ɓoye, John Lennon ya ce daga zanen da ɗansa Julian ya kawo daga makarantar ƙananan yara ya samo ta. Being for the Benefit of Mr. Kite! daga wata takardar tallar wasa ta 1843 da ya saya a shagon tsofaffin kaya. When I'm Sixty-Four kuwa McCartney ya tsara ta tun bai kai shekara 20 ba. She's Leaving Home daga labarin jarida ne, na yarinya ƴar shekara 17 da ta gudu daga gida. Iyaye, wannan da ku take: an ba ta komai na kuɗi, ba a taɓa zama an saurare ta ba. Malaman Turanci, ku kai ta aji mana, ta fi rabin darussan da ke cikin littafi.

In ana son ganin aikin ƙwaya na gaske, ba sai an bar ginin ba. A Abbey Road ɗin, a shekarar, Pink Floyd ke ɗaukar faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, kuma Syd Barrett ya rubuta mafi yawan waƙoƙinsa. Yana shan LSD ba ƙaƙƙautawa. Kafin shekarar ta ƙare, sai ya hau dandali ya tsaya yana zuru, jita na rataye a wuyansa. A 1968 ƙungiyar ta ci gaba ba shi. Daga baya ya koma gidan mahaifiyarsa a Kambirij, ya yi sallama da kiɗa, a garin ya rasu a 2006. Ɗalibin nawa bai taɓa jin sunansa ba.