Ciwon gwiwa na cinye 'yan ƙwallon Dungas a ɓoye

A Dungas da Magarya, idan ɗan wasa ya karye a fili, nan da nan ake ɗaukarsa zuwa wurin mai ɗori ko asibiti. Wanda ba a kula da shi shi ne wanda gwiwarsa ke zafi wata da watanni ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Irin wannan ciwo taruwa yake yi. Matashi ya yi noma da safe, ya yi tamaula da yamma a kan busasshiyar ƙasa da takalmin roba, gobe ma haka. Jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa da ta bayan diddige ba su samun lokacin warkewa, ƙashin ƙwauri ma yana iya tsagewa. Sai a ce masa raggo, shi kuma ya haɗiyi tramol ya koma fili. Ƙwayar tana kashe zafin ne kawai, ɓarnar kuwa tana ci gaba.

A watan Yulin 2025 hukumar FIFA ta amince a bai wa ƙwararru hutun aƙalla awa 72 tsakanin wasa da wasa, alhali suna da likitoci a gefen fili. Bai kamata gasar unguwanni ta babban hutu ta sa yaro wasa kwana biyu a jere ba.

'Yan ci-rani da ke aiko da kofi da riguna daga Kano ko Libiya suna da ta cewa a nan: su haɗa da takalma, kuma kafin su saki kuɗin gasa su nemi a nuna musu ranakun hutu a jadawali.