Wake a Magaza, Ido a kan Iyaka

A Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, ɗan kasuwa kan sayi wake da riɗi da kaka, ya jibge a magaza, yana jiran farashi ya hau da bazara. Sai dai galibin masu sayen kayan nan daga Nijeriya suke zuwa, ta Maigatari da Daura, kuma buƙatarsu tana bin darajar naira da halin iyaka.

A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta har Disamba 2020. A 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya, naira kuma ta faɗi. Wanda ya zuba jarinsa duka cikin wake ya wayi gari buhuna jibge ba mai tayawa, ƙwari na ci, bashi na jira.

Mai hangen nesa yakan raba ajiyarsa. Hatsi ba ya rasa mai saye a gida in rumbuna suka ƙare. Wake kuwa a zuba shi cikin buhu mai ruɓi uku, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, a bar wani kaso na jari a hannu. Ribar da ke jiran buɗe iyaka ba ta biyan bashin yau.