Daga Kano Zuwa Ankara Ta Bakin Teku

Da yawa cikinmu muna da dangi a zangunan Gana, kamar Nima da Sabon Zango a birnin Ankara, wanda 'yan boko ke kira Akra. Wata rana sai goron biki ya iso, ko saƙon rasuwa, ga shi kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfin maigida. To, yau ga bayanin hanyar mota, domin wadda tafiya ta kama ta san abin da ke gabanta.

Daga Kano zuwa Ikko mil wajen 700 ne. Tsohuwar hanya ta bi ta Zariya da Kaduna da Makwa, a ƙetare Kwara a Jabba, sa'an nan Ilori da Badun. Yanzu direbobi da yawa sun fi bi ta Abuja da Lakwaja. Kowace aka bi, ki roƙi maigida ya nema muku motar da ke tashi da asuba. Tafiyar dare cikin daji ba ta mace mai goyo ba ce.

Ki sa ido ta taga, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Za ki bar gonakin gero da dawa da rumbuna, ki shiga ƙasar doya da rogo, har ki kai kurmi, inda itatuwan koko da goro da kwakwar manja suka rufe hanya. 'Yan makaranta, ku riƙe ɗan littafi ku riƙa rubuta sunayen garuruwa da koguna.

Daga Ikko zuwa Ankara mil wajen 300 ne kawai, amma ƙasa huɗu ke nan, iyaka uku. Ana wuce Badagiri, tsohuwar tashar cinikin bayi, a shiga Binin ta Seme, a iso Kwatano mai babbar kasuwar Dantokpa. Daga nan sai Togo, wadda faɗinta ta bakin teku bai fi mil 35 ba. A Lome ne mata 'yan kasuwar atamfa suka yi arziki har aka yi musu laƙabi da Nana Benz. Kina fita Lome sai Aflawo, ƙofar Gana, a ƙetare kogin Bolta a Sogakofe. A wurare da dama teku na hannun hagunki, ga itatuwan kwakwa jere, ga masunta na jan taru suna waƙa.

Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza a waɗannan ƙasashe muddin zamansa bai wuce kwana 90 ba. Amma dole ki riƙe fasfo da katin allurar shawara, kowane yaro kuma da nasa, haɗe da takardar haihuwarsa. Ma'aikatan iyaka suna tsananta bincike saboda masu safarar yara, kada ki ɗauki ɗan maƙwabciya ba takarda, a tsare ku a wayi gari biki ya watse. Kuɗi ma iri uku ne: naira, sefa a Binin da Togo, sidi a Gana. Ki raba su, wasu a jaka, wasu a lalita. Agogon Togo da Gana kuwa yana bayan namu da awa guda.

Guzuri ki yi na abin da ba ya lalacewa, watau dambun nama, kilishi, dakuwa, cincin. Ruwan sha ki tafasa, ko ki sayi na kwalba wanda ba a buɗe ba. Gudawa a hanya tana kayar da jariri cikin yini guda, saboda haka kada ki bar gida ba ƙullin gishiri da sukari na asibiti.

Abu na ƙarshe, teku ba Kogin Wudil ba ne. Igiyar wannan gaɓa tana da ƙarfi ƙwarai, takan ja babban mutum ma tun ruwa bai wuce gwiwarsa ba. In an tsaya kallo, ki riƙe hannun yaranki kam, ku tsaya kan busasshen rairayi.

Inda kuka rikice, ku tambayi zango, ba za ku rasa mai jin Hausa ba. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.