Lissafin Kusurwa Da Aikin Katako

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a makarantu duk ranar da malamin lissafi ya zana alwatika a allo. Da ya fara ambaton sain da kosain da tanjan sai ka ji ana gunaguni daga bayan aji, wai ina za mu kai wannan abu in mun gama makaranta? Ni kuwa a ganina ba sai mun gama ba. Tirigonometiri, wato lissafin kusurwa, yana da aiki a gidajenmu tun daga hutun nan mai zuwa, kuma aikin na tattalin kuɗi ne.

A ce maigida a Ƙafin Maiyaki zai yi wa ɗakin kaji rufin kwano mai gangara biyu, faɗin ɗakin ƙafa 10. Katakon tu-bai-fo dai ƙafa 12 aka saba sayar da shi, ko a nan gida aka saya ko an je har 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Fallen kwano na gama-gari kuma kamar ƙafa 6 ne. To, in ka dubi rabin rufin nan sai ka ga alwatikar da muke zanawa a aji: ƙafa 5 a kwance, sandar tsakiya a tsaye, rafta kuma ta jingina a kanta. Tsawon rafta shi ne 5 a raba da kosain ɗin kusurwar gangara. Tsayin sandar tsakiya kuwa 5 ne sau tanjan ɗinta. Shi ke nan.

In maigida ya ce shi rufi mai tsini yake so, aka ba shi digiri 45, kowace rafta za ta kai ƙafa 7 da inci 1. Ka ga katako ɗaya rafta ɗaya tak zai bayar, guntun da ya rage bai kai na biyu ba. Inda katako 5 zai isa sai an sayi 10, kuma falle ɗaya ba zai rufe gangarar ba. In aka sauko digiri 30, rafta ta zama ƙafa 5 da inci 9. Katako ɗaya ya ba da biyu ke nan, amma inci 3 kaɗai zai leƙo bayan bango, ruwa kuwa ya yi ta cin ginin ƙasa har ya zaizaye gindinsa. A digiri 20 rafta ƙafa 5 ce da inci 4. A raba katako biyu daidai, inci 8 ya leƙo waje, kwano ya hau cif, sandar tsakiya kuma ƙafa 1 da inci 10. Duk wannan a bayan littafi za a gama shi, kafin zarto ya taɓa katako, kafin ma a biya kuɗin mota.

Wani zai ce to a kwantar da rufin mana gaba ɗaya a huta. A'a. Yankinmu, musamman wajen Tudun Wada da Doguwa, ya fi arewacin jihar samun ruwa, kuma rufin da ya kwanta da yawa ruwa kan koma masa ta mahaɗar kwano ya riƙa yoyo.

Na san dattawa za su ce kafintocinmu sun shekara suna ɗora rufi ba su taɓa jin sunan kosain ba. Gaskiya ne, kuma ba ni da bakin raina su. Kafinta ya san katakon da bai bushe ba, ya san wanda gara ke so, ya san inda ƙusa za ta tsaga itace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a littafinmu. Hasali ma maginin da ke auna 3 da 4 da 5 da igiya don kusurwar ɗaki ta miƙe, lissafin alwatika yake yi, suna ne kawai bai sa masa ba. Abin da nake cewa shi ne, ido da sabo suna aiki ne in ɗakin irin wanda aka saba ne. Ranar da faɗi ya canja, ko maigida ya zo da nasa fasali, sai a koma gwaji, katakon da aka yanke kuwa ba ya komawa.

Haɗa malamin lissafi da mai sana'a ba baƙon abu ba ne. Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a shekarar 940 ya yi zamansa a Bagadaza, yana cikin manyan da suka raya wannan fanni, ya kuma yi aiki a kan tanjan ɗin nan da muke kuka da shi. Duk da haka ya zauna ya rubuta littafi musamman kan abin da masu sana'ar hannu ke bukata na ilmin awo.

Sai dai ɗalibi ya yi hattara. Kada ka je gaban Baba kafinta kana ce masa digiri 20, don ba shi da ma'aunin kusurwa a jakarsa, tef da sukwaya yake da su. Juya masa maganar zuwa inci, ka ce sandar tsakiya ta zama ƙafa 1 da inci 10, sa'an nan ka riƙe masa bakin tef ɗin.

Ina roƙon malamanmu su riƙa fita da mu waje mu auna rufin ɗakin kwana da tsani da ƙafar benci, maimakon alwatikar allo kullum. Iyaye kuma, kafin a tafi sayen katako bana, ku ba ɗanku ko 'yarku faɗin ɗakin, ku ce a kawo muku tsawon rafta da tsayin sandar tsakiya da yawan katakon da za a saya.